Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Injin Zanen Leza Mai Sauƙin Kuɗi a Saudiyya

Injin zanen leza ya sauko hannun mai ƙaramin ƙarfi. Aikin da a da sai ka je shagon masu buga alluna ake yi maka, yau ga injinsa nan a Amazon.sa da Noon da AliExpress, wanda zai zauna a kan tebur ɗaya a ɗakinka. 'Yan'uwanmu mazauna Makka da Madina da Jidda, maza da mata, sha'awarsa ta kama su: wannan yana son rubuta suna a murfin akwatin dabino, wancan yana son yi wa allo zayyana, wata kuma fata take son yi wa ado ta haɗa cikin tsarabar alhazai.

Sai dai mafi yawan bidiyon da ake kallo kafin a saya, an ɗauke su ne a garejin mutanen Amurka da Turai, inda akwai fili, ƙofa a wangale, gari da sanyi. Mu kuwa a shagga muke, wato sashen gidan bene, taga a rufe, mukayyif mai sanyaya ɗaki yana aiki dare da rana, yara suna kai da kawo. Injin da ya dace da su ba lallai ya dace da mu ba. Ra'ayina tun daga farko shi ne: ga mai koyo a gida a ƙasar nan, injin dayod, wato irin leza mafi araha, mai wat 10 na gaskiya, mai rufi, mai bututun fitar da hayaƙi, ya fi kowane zaɓi. Ga yadda za ka bi ka tabbatar ko kai ma shi ne naka.

Mataki na farko: fara da kayan da za ka zana

Kafin ka buɗe kowane shafin kasuwa, ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku da ka tabbata za ka yi a watan farko. Rubuta irin kayan da girmansu: katako mai kaurin milimita 3, fatar akuya, gorar ruwa ta ƙarfe mai fenti, ko zoben azurfa. Wannan takardar ce za ta zaɓa maka inji, domin kowace leza da abin da take ci.

Mataki na biyu: san iri ukun da ke kasuwa

Leza haske ne da aka tattara a ɗigo guda har ya ƙona abin da ya sauka a kai. Aikinta ɗaya da na masu zanen ƙwarya da ke sa ƙarfe a wuta su bi bayan ƙwaryar da shi, illa dai a nan kwamfuta ce ke riƙe da hannun. To amma haske ba ya ƙona abu sai abin ya shanye shi, kuma a nan ne iri ukun suka rabu.

Ta dayod ita ce mai araha. Haskenta shuɗi ne, tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke bambanta wani haske da wani, wajen nanomita 450. Tana zana katako, fata, kwali, ƙwarya, dutsen allo, alminiyam mai rini, da gorar ƙarfe mai fenti, inda take cinye fentin ƙarfen ya bayyana. Tana yanka siririn filawud da baƙin akirilik, wato roba mai tauri da ake yin alluna da ita. Abin da ba ta iyawa shi ne akirilik garai-garai wanda ake gani ta cikinsa, saboda shuɗin haske wucewa yake yi ta ciki bai ƙona komai ba. Gilashi ma sai an shafa masa baƙin fenti tukun. Sunayen da za ka yi ta cin karo da su a nan su ne xTool, Sculpfun, Atomstack, Ortur, Creality da TwoTrees.

Ta CO2 haskenta ba a ganinsa, zangonsa nanomita 10,600. Ita ce gwanar yankan akirilik kowane launi, kuma ta fi sauri a katako. Mafi araha a cikinsu ita ce wadda ake kira K40, mai kwalbar gilashi ta wat 40 da fagen aiki wajen santimita 30 da 20. A nan nake jan kunnen duk mazaunin ƙasar nan. Kwalbar da ruwa ake sanyaya ta, kuma ruwan ana so kada ya wuce digiri 25 ko kusa da haka. Kowa ya san yadda ruwan tankin saman bene yake da azahar a watan Yuli a Makka. Wasu za su ce ka sayi na'urar sanyaya ruwa CW-3000, alhali ita fanka ce kawai da bututu, ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Mai sanyayawa da gaske, irin CW-5000 ko CW-5200 mai kwamfireso, kuɗinta kan kusa kamo kuɗin injin. Ga saitin madubai uku da sai an koya, ga nauyi, ga kwalbar da ke fashewa idan an yi tafiya da ita. In ba akirilik ne ainihin aikinka ba, bar ta sai hannunka ya faɗa.

Ta uku ita ce ta ƙarfe, mai zangon nanomita 1,064, wadda ake kira faiba. Ita ce ta zobe da agogo da azurfa, amma ba ta cikin sahun masu araha. Akwai ƙananan injuna irin xTool F1 da suka haɗa dayod mai wat 10 da ƙaramar lezar ƙarfe mai wat 2, masu saurin gaske, sai dai fagensu bai wuce tafin hannu ba, santimita 11.5 kowane gefe. Allo ba zai shiga ba.

Mataki na uku: kada lambar wat ta yaudare ka

Nan ne aka fi cutar masu saye. Za ka ga an rubuta 40W ko 80W da manyan baƙaƙe a hoton inji mai arahar gaske. Wannan lambar sau da yawa ƙarfin wutar da injin ke sha daga soket ne. Abin da ya dame ka shi ne ƙarfin hasken da ke fita daga kan lezar, kuma yana ƙasa can cikin bayanin kayan da ƙananan baƙaƙe: 5W, 5.5W, 10W ko 20W.

Akwai hanyoyi biyu na kama gaskiya. Duba hoton adaftar injin. Idan an rubuta 12V da 3A, ninka su, wat 36 ke nan gaba ɗaya, kuma daga cikinsu ne motoci da fanka da allon sarrafawa za su ci. Injin da ke shan wat 36 ba zai fitar da hasken wat 40 ba. Hanya ta biyu, tambayi mai sayarwa dayod nawa ne a cikin kan, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fitar da hasken. Dayod ɗaya yana ba da wajen wat 5 zuwa 5.5. Mai wat 10 biyu aka haɗa, mai wat 20 huɗu, mai wat 40 takwas. Mai kayan da ya kasa amsa wannan tambayar, wuce shi.

Wat 5 ya isa zane a katako da fata, amma yanka zai gajiyar da kai, sai ka maimaita layi ɗaya sau da yawa. Wat 10 yana yanka filawud mai milimita 3 ba wahala, yana kai wa milimita 5 ko 6 idan an maimaita, kuma zanensa yana fita siriri. Wat 20 zuwa sama na mai yawan yanka ne. Mutane suna ɗauka ƙarin wat ƙarin kyau ne, alhali idan aka haɗa dayod da yawa ɗigon hasken kan ƙara faɗi. Mai son rubutun larabci da wasullansa su fito tsaf a kan ƙaramin abu, wat 10 ya fi masa.

Mataki na huɗu: rufi, ido da hayaƙi

Idan za ka tsallake wani mataki, kada ya zama wannan.

Injuna mafi araha buɗaɗɗu ne, sanduna huɗu na alminiyam da kan leza yana yawo a tsakani. A ƙa'idar tsaron leza ta duniya irin waɗannan aji na 4 ne, mafi haɗari. Hasken da ya doki wani abu mai ƙyalli ya dawo zai iya ƙona ƙwayar ganin ido kafin mutum ya ƙifta, kuma wannan rauni ba ya warkewa. Kai mai aiki ka sa tabarau, to yaron da ya turo ƙofa ya shigo da gudu fa? Shuɗin hasken nan kuwa yana jan hankalin yara ƙwarai. Inji mai cikakken rufi, wanda ke kashe lezar da zarar an ɗaga murfi, shi ne aji na 1, irin xTool S1 da Creality Falcon A1. Ya fi tsada, na sani. Amma araha ba ta ado, balle a kan idon ɗanka.

Idan kuɗinka bai kai ba sai buɗaɗɗe, to a rana ɗaya ka sayi akwatin rufinsa na yadi mai jure wuta, wanda ke zuwa da fanka da bututu, sannan ka ware masa ɗaki mai makulli. Koren tabarau da ake sakowa kyauta a kwali kada ka dogara da shi. Nemi wanda aka buga lambar OD 4 ko sama a jikinsa, wato ma'aunin ƙarfin tare haske, tare da zangon hasken da yake tarewa, kuma ka tabbata 450 ta faɗa cikin zangon. Irin wannan yawanci ruwan lemo ne ko ja. Tabarau na rana ba ya tare komai a nan.

Sai hayaƙi. Duk zanen leza ƙuna ne. Katako yana hayaƙi, fata tana warin ƙonannen gashi, MDF kuma, wato allon garin katako da aka matse, gam ɗin da aka haɗa shi da shi yana fitar da iska mai cutar da huhu. Mukayyif ɗin bango ba ya fitar da iskar ɗaki waje, juya ta yake yi, don haka hayaƙin zai zaga gidan ya zauna a labule da kayan sawa. Dole bututu ya fita ta taga. Yanki katako ko kwali mai kauri daidai faɗin tagar, ka huda ramin bututun a jiki, ka toshe sauran don kada zafi da ƙura su shigo. Kafin ka biya kuɗi, je ka tsaya a inda za ka ajiye injin ka auna nisansa da taga. Bututu gajere kuma miƙaƙƙe ya fi jan hayaƙi. Leƙa waje kuma ka ga ina zai fita. Idan tagarka tana buɗewa cikin ramin iskar da ke tsakiyar bene, inda tagogin maƙwabta suke, hayaƙinka kicin ɗinsu zai shiga, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya hana wannan. Wanda ba shi da tagar da ta dace sai ya sa na'urar tace hayaƙi cikin lissafi, da sanin cewa matatarta tana cika a canja.

Wasu za su ce a kai shi saman bene a huta. Ban ba da wannan shawarar ba. Zafi yana rage ƙarfin dayod yana gajarta ransa, kuma a nan zafin bazara kan haura digiri 40. Ƙura tana hawa gilashin lezar, ga laimar Jidda da ke lanƙwasa siririn filawud.

Mataki na biyar: fage da ƙananan kayan haɗi

Buɗaɗɗun injuna fagensu kan kai santimita 40 da 40, masu rufi sukan ɗan gaza haka. Koma ga takardarka ka auna abu mafi girma. Famfon iska, wanda ke hura iska daidai inda ake ƙuna, kada ka raina shi: yana rage baƙin gefen yanka, yana kashe ɗan harshen wuta, yana kare gilashi daga hayaƙi. Faifan ƙarfe mai ramukan saƙar zuma ana shimfiɗa shi a ƙasa don yanka ya fita tas, tebur kuma ya tsira. Majuyin kofi, wato na'urar da ke juya abu yayin da ake zana shi, na mai zanen gora da fulas ne kaɗai, ana iya sayensa daga baya. Duba ko injin yana da maɓallin tsayarwar gaggawa da mai gano tashin wuta.

Mataki na shida: manhaja, da batun rubutunmu

Tabbatar injin yana aiki da LightBurn ko LaserGRBL. LaserGRBL kyauta ce amma a Windows kaɗai take aiki. LightBurn ta kuɗi ce, tana ba da gwajin kwana 30, tana aiki a Windows da Mac, kuma ita ce mafi yawan masu wannan aiki suke riƙe da ita, don haka darussanta sun cika YouTube. Injin da ba ya aiki sai da manhajar wayar kamfaninsa, ranar da kamfanin ya daina sabunta ta aikinka ya tsaya.

Akwai abin da masu bidiyo ba sa ambata domin bai shafe su ba. Larabci da ajami daga dama suke farawa, baƙaƙensu kuma a haɗe suke. Wasu manhajojin suna warware baƙaƙen ɗaya-ɗaya ko su juya su baibai. Maganin shi ne ka rubuta a Inkscape, wadda ita ma kyauta ce, ka zaɓi salon rubutun da kake so, ka mayar da rubutun zane, ka adana shi a matsayin SVG, sannan ka shigar da shi manhajar injin. Haka ma boko: ba kowane salon rubutu ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba. Gwada sunaye irin Ɗanladi da Ƙasimu a allon kwamfuta kafin ka ƙona katako.

Mataki na bakwai: lissafi da wurin saye

Raba kuɗinka kashi uku, biyu na inji, ɗaya na rufi da tabarau da famfon iska da katakon gwaji. Mai riyal 2,000 ya nemi injin da bai wuce 1,300 ba. Wanda ya zuba duka a inji, ƙarshenta zai kunna shi ba tabarau na kirki, yana cewa sai wata mai zuwa.

Tuna harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari, wanda ke aiki tun Yulin 2020. A Amazon.sa da Noon yawanci yana cikin farashin da ka gani. Idan daga waje za a turo, duba ko an haɗa shi: kayan riyal 1,200 harajinsu 180 ne. Kayan da ka yi oda don kanka ƙasa da riyal 1,000 ba a karɓar kuɗin kwastan a kansu, na sama da haka ana iya karɓa. Farashin dala kuma ninka shi da 3.75 ka sami riyal. Ka tanadi adireshinka na ƙasa, wato wanda aka yi maka rajista a Saudiyya, kafin oda, don kada kaya su maƙale a hannun masu kawowa.

Na fi son kayan da ke ajiye a cikin Saudiyya ko da sun ɗan fi tsada, saboda mayarwa. Dokar kasuwancin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya fasa ciniki muddin bai yi amfani da kayan ba, amma mayar da kwali mai nauyi zuwa Sin wani aiki ne daban. Tambayi mai sayarwa ko ana samun gilashin kariya da bel da kan leza a ware, domin su ne suke lalacewa.

Na hannu kuwa, a shafin saye da sayarwa na Haraj ana samu, sau da yawa daga wanda ya saya sha'awar ta wuce. Dayod yana raguwa da ƙarfi idan ya sha aiki, kuma ido ba ya nuna maka. Je da guntun filawud naka mai milimita 3 ka ce a yanka a gabanka. Duba gilashin ko ya tsage ko ya yi tabon ƙuna, ka tura kan da hannu injin yana kashe ka ji ko yana tafiya sumul.

Batun wuta gajere ne. Ƙasar nan 60Hz ce, kuma tsofaffin gidaje a Makka da Jidda har yanzu akwai masu soket ɗin 127 a gefen na 220. Adaftar da aka rubuta wa 100–240V da 50/60Hz tana cin kowanne, kuma za ta yi aiki a Kano idan ka koma da injin gida. K40 ita ce ke zuwa da ƙarfin wuta guda, sai an duba.

Mataki na takwas: ranar da ya iso

Ɗauki bidiyo yayin buɗe kwali, shi ne shaidarka idan wani abu ya zo a karye. Haɗa shi a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, ka ja bel ɗin daidai, kada ya yi sako-sako kada ya yi tsauri. Ajiye tukunyar kashe gobara da kwalbar fesa ruwa a inda hannunka zai kai. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, a yankin Makka 911 ma tana aiki. Kuma muddin leza tana ci, kana tsaye a kanta. Idan an kira salla, tsayar da aikin ka kashe, ka ci gaba in ka dawo. Kwali da siririn katako cikin ƙanƙanin lokaci suke kamawa.

Akwai kayan da ba a sa wa leza ko kusa. Na farko PVC, wato tiyo, ledar bana, sitika, farin allon kumfa na masu talla, da mafi yawan fatar roba ta jakunkuna da kujeru. Idan ya ƙone yana fitar da iskar kulorin mai cin huhu, mai sa ƙarfen injin tsatsa. Idan kana shakka, fita waje, sa wayar tagulla a wuta ta yi ja, taɓa jikin abin, mayar da ita wuta. Harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin, ajiye shi. Fata ma iri biyu ce. Ta kamfani da aka jeme da sinadarin kurom, wadda idan ka yanka gefenta za ka ga cikin ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ba a so a ƙona ta. Wadda ake nema ita ce jimar itace, kuma a nan mun yi sa'a, domin majemanmu na Kano da Sakkwato da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Idan wani ɗan'uwa zai taho Umara, roƙe shi ya riƙo maka fatar akuya jimar bagaruwa wadda ba a yi wa rini ba. Tana ɗaukar zane da kyau ƙwarai, layin yana fita ruwan ƙasa mai duhu.

Katakon koyo kada ka saya da tsada. Shiga warshar kafintoci ta unguwarku ka yi sallama ka ce, "Baba, don Allah a taimaka mini da guntayen da za a zubar." Guntayen katakon da kafintoci ke kira zan suna zanuwa da kyau. Mai fenti ko mai leda a fuska ka bar musu.

Aikinka na farko ya zama allon gwaji. LightBurn tana da wurin da take zana ƙananan murabba'ai a jere, kowanne da gudunsa da ƙarfinsa. Saita tazarar kan da katako da ɗan ma'aunin da ya zo da injin, ka gudanar da gwajin a kan kowane sabon kaya, ka rubuta sunan kayan a baya da alƙalami ka adana. Idan hayaƙi yana ɓata gefen zane, manna tef ɗin takarda na masu fenti a kan katakon kafin ka fara, ka ɓare bayan an gama. Mai niyyar zana aya ko sunan Allah, ya yi duk gwajinsa da wani rubutu daban mai girma ɗaya, sai saiti ya zauna sannan ya sa ayar, don kada guntayen da suka ɓaci su ƙare a kwandon shara.

Duk bayan 'yan awannin aiki, kashe injin ka goge gilashin kan da auduga da ɗan sifirit, musamman bayan iskar ƙura. Idan ka ga yankan da ke fita jiya yau ya ƙi, gilashin za ka fara dubawa kafin ka zargi dayod.

Idan kuma aikin ya yi kyau har mutane suka fara cewa a yi musu su biya, dakata ka bincika abin da iƙamarka ta halatta maka. Kyauta ga 'yan'uwa da baƙi ba ta da matsala, amma sayarwa kasuwanci ne, kuma dokar ƙasar nan tana da tsanani a kan baƙon da ya yi sana'a ba da izini ba. Tambayi kafilinka ko ka duba shafin Ma'aikatar Kasuwanci kafin ka sa hoton kayanka da farashi a WhatsApp.